Maɓallin "Na Tashi Lafiya"

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugabar wannan cibiya da ta ɗauki nauyin tara mu, malaman da suka sha ɗawainiyar koyarwa, manyan baƙin da ke kujerun gaba, iyaye mata da iyaye maza da suka bar harkokinsu suka zo, ɗaliban da yau suke karɓar takardar kammala koyon gina shafukan yanar gizo, da sauran jama'a har da waɗanda na ji motsinsu a bakin ƙofa don kujeru sun ƙare, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, ina kuma yi muku barka da ganin wannan rana.

Ku yi mini afuwa, a zaune zan yi magana. Ƙafafun nan sun yi mini hidima shekara tamanin da ɗaya, yanzu sun ce su ma sun ajiye aiki, kuma ban ga laifinsu ba.

Ina gode wa Allah da ya kai mu. Ina gode wa shugabar cibiya, wadda ta tako har ɗakina, ta hau matakala ashirin da biyu, ta ce mini an gaya mata ni ne mafi tsufa da ya rage a cikin masu rubuta manhaja a garin nan. Na ce mata, 'yata, wannan ai ba gwaninta ba ce, jinkiri ne kawai. Ta yi dariya, ta ce duk da haka in zo. Ina gode mata, domin an daɗe rabon da wani ya ce mini in zo.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban zo don nasiha kaɗai ba, na zo da roƙo. Ina da wani ɗan ƙaramin shafi da na gina da hannuna, wanda tsofaffi goma sha huɗu suke dogara da shi kowace safiya, kuma likitan ido ya gaya mini cewa nan da 'yan watanni ba zan ƙara iya karanta abin da ke kan allon kwamfuta ba. Magaji nake nema. Amma ba a ba mutum riƙon abin da bai san asalinsa ba, saboda haka ku bar ni in ba ku labarin a jere, in ya so daga baya in miƙa roƙon.

Abu na farko da zan faɗa muku, daga wurin maigidana na samo shi.

Na fara aiki sama da shekara hamsin da suka wuce, a wata ma'aikatar ruwa. A lokacin kwamfuta ɗaya ce a ma'aikatar gaba ɗaya, kuma ɗaki guda ta cika, ɗaki mai sanyi wanda ba a shiga da takalmi. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin ɗakin nan, ƙamshin takarda da man inji, ina jin gurnanin na'urar kamar an kwantar da wata babbar dabba. Ba ma rubuta umarni a kan allo kamar ku. Da fensir muke rubutawa a takarda mai gida-gida, a kai wa mata masu buga rubutu, su huda shi a jikin kati, kowane layi da katinsa. Sai a jera katunan a akwati, ka rungume shi kamar jariri, ka kai wa na'ura, ka koma ka jira gobe ka ji ko ta karɓa. Ranar da na fara aiki na yi tuntuɓe a bakin ƙofa, kati ɗari huɗu suka watse a ƙasa, na yini ina tsinta ina jerawa. Daga ranar aka sa mini suna Ɗan Kati, kuma sunan bai bar ni ba har na yi furfura.

Maigidanmu kuwa Jan Biro muke ce masa, don ba ka kai masa takarda ta dawo ba tare da ya yi mata jina-jina ba. Mutum ne gajere, mai ƙarancin magana, kuma yana da doka guda wadda duk muka tsana. Kafin ka tsara wata takarda ko ka rubuta layi ɗaya na aikin da wasu za su yi amfani da shi, sai ka ɗauki kujera ka zauna a bayan mai amfani da shi yini guda cur. Ka sa hannuwanka biyu a ƙarƙashin cinyoyinka, ka zauna a kansu. Ba ka nuni, ba ka gyara, ba ka cewa uffan. Kallo kawai.

Ni kuwa a lokacin ga takardar makaranta, ga ƙuruciya, ga rawar kai. Aka ba ni in tsara takardar da ma'aikata ke cikewa idan sun zagaya gidaje duba famfo. Na tsara ta yadda na ga ta yi kyau, na kai masa. Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Ka zauna?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai abin a fili yake." Ya ce, "Je ka zauna."

Na ɗauki kujera ina gunaguni, na zauna a bayan shugabar masu bugawa, wadda ake kira Yatsa Goma saboda saurin hannunta. Aka ba ta takarduna na gwaji ta fara bugawa. Sai na ga ta zaro abin matse shanya daga jakarta ta maƙala a gefen takardar, ta ɗora rula a tsakiya. Ta buga lambar gida daga can ƙasa, ta ɗaga ido sama ta nemo sunan layi, ta sake gangarowa, ta sake hawa. Kanta na ta sama da ƙasa kamar ƙadangare. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi in ce mata ba haka ake bi ba, amma doka ta hana. Wajen azahar ta tsaya, ta murza wuyanta, ba ta ko juyo ba ta ce, "Wai wane mai hikimar ne ya tsara wannan?"

Na ƙara danne hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina.

Ta ce, "Na san kana ji, malam. Hannu aka ce ka zauna a kai, ba kunne ba."

Na ce, "Ni ne."

Ta ce, "Allah ya ƙara basira. Ka taɓa buga ko kati ɗaya?" Na ce a'a. Ta ce, "Ai ya nuna. Kai ka yi wa idonka ado, ni ka bar ni da ciwon wuya. In na yi maka ɗari biyar irin wannan a yini, gobe sai dai a zo da ni a kwance."

Duk ɗakin aka fashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma na sake tsara takardar bisa yadda yatsunta ke tafiya, ba bisa yadda idona ke so ba. Da na kawo ta buga goma a jere ba tare da ta ɗaga kai ba, sannan ta cire abin matse shanyar ta miƙo mini, ta ce, "Riƙe, na daina buƙata." Bayan shekara biyu na aure ta. Mun zauna shekara arba'in da huɗu, kuma ban taɓa gama wani aiki ban kai mata ta taɓa shi da hannunta ba. Allah ya jiƙanta.

To, 'ya'yana, abin da kuke kira tsara fuskar shafi ke nan, ba wani abu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai da ka gina abu ba za ka taɓa ɓata a cikinsa ba, domin kai ka san inda ka ajiye komai. Wanda zai ɓata shi ne wanda bai gina ba, kuma shi ne ka yi aikin dominsa. In ba ka gan shi yana ɓata da idonka ba, ba ka san abin da ka gina ba.

Abu na biyu ya shafi sana'a, don na ji an ce da yawanku kuna son ku kafa naku, ba ku jira a ɗauke ku aiki ba. Madalla da wannan niyya. Sai dai na zauna da wasunku ɗazu kafin a fara, sun gaya mini abin da suke shirin ginawa. Wannan zai gina kasuwar da duniya duka za ta shigo, wancan zai gina dandalin da zai haɗa kowa da kowa. Na tambayi ɗaya, na ce, "Telan da ke ƙasan benen nan, me ke damunsa a aikinsa?" Ya ce bai sani ba. Na ce, "Ka taɓa tambayarsa?" Ya ce bai taɓa ba. Ba na faɗi haka don in kunyata shi ba, yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Na faɗa ne don ku gane cewa sana'a ba daga kan mai sana'a take farawa ba, daga damuwar wani take farawa. Wanda ya iya sauraron kukan maƙwabcinsa ba zai rasa abin ginawa ba, wanda kuma bai iya ba, ko ya haddace harsunan kwamfuta goma, gini zai yi ta yi ba mai shiga.

Ni ban nemi damuwar da na gina a kanta ba, ita ta zo ta same ni. Bayan rasuwar uwar 'ya'yana, 'yarmu tana can wata ƙasa da mijinta, ɗanmu aiki ya kai shi nesa, na rage ni kaɗai a ɗaki biyu da falo. Wata safiya zazzaɓi ya kwantar da ni, na kasa tashi ko in ɗebi ruwa. Ina jin mutane na hawa da sauka a matakala, ina jin yara sun tafi makaranta, ina jin sun dawo, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ba don mugunta ba, kowa ya ɗauka ina lafiya. Sai da yamma na samu na rarrafa na buɗe ƙofa.

Mu tsofaffin ma'aikatar muna haɗuwa farkon kowane wata mu sha shayi mu yi ta maimaita labaran da kowa ya riga ya sani. A wajen shayin na ba su wannan labari. Can sai abokina Agogo ya yi magana. Shi ne mai kula da injinan tura ruwa a zamaninmu, kuma an sa masa sunan ne don shekara talatin bai taɓa makara ba. Ya ce, "Ɗan Kati, ni ba mutuwar nake tsoro ba. Abin da nake tsoro shi ne wari ya riga labari fita." Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. A nan na gane duk ciwonmu ɗaya ne, kowa yana ɓoyewa ne kawai.

Ina da shekara saba'in da biyu na zauna na koyi gina shafi, da kwamfutar da 'yata ta aiko mini. Abin da na gina ba zai burge kowa a cikinku ba. Farin shafi ne, da sunayenmu a jere da manyan baƙaƙen haruffa, sai wani ƙaton koren maɓalli a tsakiya, faɗinsa ya kai rabin fuskar waya, an rubuta a kansa: Na tashi lafiya. In ka farka ka danna, sunanka ya koma kore. In ƙarfe tara ta yi sunan wani bai koma kore ba, wanda ya fi kusa da shi ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Shi ke nan. Ba hira, ba hoto, ba labarai.

Ba zan iya kwatanta muku daɗin da ke cikin kallon sunayen nan suna komawa kore ɗaya bayan ɗaya ba. Ina zaune da kofin shayina, ƙarfe shida daidai Agogo ya danna, ko daƙiƙa ba ya ƙarawa. Shida da kwata tsohuwar nas ɗin asibitin ma'aikata. Bakwai saura kaɗan, direbanmu. Shi kuwa tsohon mai gadi sai tara saura minti biyu, da gangan, don ya ce yana son a riƙa tunaninsa. Ɗakina ba kowa, amma a wannan sa'a sai in ji kamar ina tsaye a ƙofar ma'aikata ina kallon mutane na shigowa, kowa da gaisuwarsa.

'Yata ta sha ce mini, "Baba, ka san mutane nawa ne a nan za su so a yi wa iyayensu irin wannan?" Nakan ce mata ni na wuce shekarun kafa kamfani. Amma ku ba ku wuce ba. A kowane layi na kowane gari akwai tsoho a bayan rufaffiyar ƙofa, akwai kuma ɗa a nesa da ke kwana da tunaninsa. Wanda ya yi musu aiki tsakani da Allah ba zai rasa abincinsa a ciki ba, kuma halal ɗinsa ne.

Abu na uku shi ne mai nauyi, domin laifina ne, kuma ban taɓa faɗarsa a gaban jama'a ba.

Shekara biyu da suka wuce na fara jin kunyar shafina. Ina ganin irin waɗanda kuke ginawa, masu sheƙi, masu motsi, sai nawa ya zama mini kamar sanarwar da aka manna a bangon asibiti. Zuciya ta ce mini, kai ma fa ka iya, nuna musu da tsohuwar zuma ake magani. Na shafe mako shida ina aiki. Na sa hoton fitowar rana a baya. Na mayar da haruffan sirara masu launin toka, don na ga haka ake yayi. Na ƙara yanayin gari da addu'ar safiya. Ƙaton maɓallin nan kuwa na ga ya cika wuri, ya ɓata mini tsari, sai na rage shi na tura shi ƙarƙashin 'yan layukan nan uku da ke kusurwa, waɗanda kowa a cikinku ya san in an taɓa su abubuwa ke fitowa. Kowa a cikinku ya sani. Ban tsaya na tambayi kaina ko mai shekara tamanin ya sani ba.

Ban zauna a bayan kowa ba. Ni da na yi shekara hamsin ina ba yara labarin Jan Biro, ban ɗauki kujera ba. Matata da take tilasta mini ba ta nan, ni kuma na ce ai abin a fili yake. Ranar wata Litinin na saki sabon shafi.

Ƙarfe tara ta yi, sunaye tara ba su koma kore ba. Tsofaffi suka bazu a gari da sanduna suna ƙwanƙwasa wa juna ƙofa. Nas ta je gidan direba ta tarar ya tafi gidanta. Wayata ta yi ƙara, na ɗauka, sai muryar Agogo: "Ɗan Kati, sannu da aiki. Annoba ma ba ta kashe mutum tara kafin karin kumallo. Ina ka kai mana maɓallin?"

Na ce, "Yana nan, taɓa layukan nan uku na sama."

Ya ce, "Waɗanne layuka? Ni rana kawai nake gani tana fitowa, kuma ina da irinta a taga."

Na ce, "Za ku saba."

Ya ce, "Tsoho, mu da muke jiran sammaci, yaushe muka ga lokacin sabo?"

Na yi dariya na ajiye waya, ban gyara ba. Girman kai ya hana ni. Na ce aikin mako shida ba zai tafi a banza ba, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Wasu suka koya, wasu yau su samu gobe su rasa. Kullum sai an sami suna uku ko huɗu da ba su koma kore ba, kullum a je a tarar da mutum lafiya lau yana shan shayi. To ƙafar tsoho ba ta jure aiken banza. Cikin mako biyu aka daina zuwa. In an ga sunan da bai canza ba sai a ce, shafin ne.

Ranar wata Alhamis sunan Agogo bai koma kore ba. Nas ce ta fi kusa da shi, ta kira ni ta ce, "Malam, in je?" Gwiwarta na ciwo a ranar, na sani. Na ce mata, "Bari kawai, shafin ne. Shekaranjiya ma haka ya yi." Da bakina na faɗa. Washegari ma bai koma kore ba. Sai da rana ta take sannan gabana ya faɗi, muka je tare, aka ɓalle ƙofa. Muka same shi a ƙasan banɗaki, ƙugunsa a karye, tun safiyar Alhamis. Wayarsa na kan gado, taku shida daga inda yake.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Da na je duba shi a asibiti na tsaya a bakin gado na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Na ji rediyon maƙwabta ya ce ƙarfe tara, na ce yanzu za su zo. Na ji ya ce goma, na ce nas ce, ka san tafiyarta. Da na ji sha biyu sai na ce, Ɗan Kati ya ce musu shafin ne."

Na buɗe baki in ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ka mayar da maɓallin?"

Na ce, "Na mayar tun jiya."

Ya ce, "Ƙaton?"

Na ce, "Ƙaton."

Ya ce, "To ja kujera ka zauna, ka tsaya mini a kai kamar mai karɓar gaisuwa."

Bai ƙara tayar da maganar ba har yau. Amma bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba, ɗansa ya zo ya tafi da shi wani gari mai nisa, teburin shayinmu ya rasa mai ba mu dariya. Har gobe ƙarfe shida daidai sunansa na komawa kore daga can, ko da yake ya san in bai danna ba babu mai iya zuwa a cikinmu.

Garin neman gira na rasa ido, 'ya'yana. Ku ji wannan daga wanda ya ɗanɗana: ranar da mutane suka fara dogara da abin da ka gina, ya tashi daga naka. Hannunsu ya haddace inda komai yake. Kafin ka matsar da ko maɓalli ɗaya, ka tambayi kanka, don su zan matsar, ko don abokan sana'ata su yaba mini? In amsar ta biyun ce, ka cire hannunka. Kuma ku sani, ba ɓacewar maɓalli ce ta kwantar da abokina yini da rabi a ƙasa ba. Abin da ya kwantar da shi shi ne mun daina yarda da abin da shafin ke faɗa. Yarda kuwa in ta zube, ba a kwashe ta da gyaran layi biyu.

Na zo kan roƙona. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Watan jiya wayoyin mutum biyu suka sabunta kansu, maɓallin ya daina amsawa a wurinsu. Gyaran da a da zan yi kafin shayina ya huce, sai da na kwana huɗu a kansa, da gilashin ƙara girma a hannu, ina bin haruffa ɗaya-ɗaya. A cikin kwana huɗun nan da waya nake bin su kowace safiya. Nan gaba kaɗan ko gilashin ba zai yi mini amfani ba. Na shirya komai. Kowane sashe na aikin na rubuta bayaninsa a samansa da harshe mai sauƙi, yadda aka koya mana, don wanda zai zo baya kada ya zage ni. Kalmomin sirri suna cikin wani littafi mai shuɗin bango. Aikin ba shi da yawa, amma ba shi da hutu: kowace safiya ƙarfe tara sai an duba. Ba zai sa sunanka ya fito a jarida ba. In kuma ka ga hanyar faɗaɗa shi ya zama sana'arka, na yafe maka duniya da lahira, muddin mutanen nan sha huɗu ba su farka sun nemi maɓallinsu sun rasa ba.

Wanda zai karɓa ya ɗaga hannu.

Mai girma shugaba, ka taimake ni, ba na ganin abin da ya wuce layi na biyu. Akwai?

Biyar? Alhamdu lillahi. To kada ku sauke tukuna, akwai abin da ban faɗa ba, kuma ba na son in yaudare ku.

Da muka fara, mu talatin da ɗaya ne. In ɗayanmu ya rasu, sai an cire sunansa daga jerin, in ba haka ba kullum zai tsaya ba kore, ya riƙa ruɗa mutane. Na san za ku ce a sa na'ura ta riƙa cirewa da kanta, layi uku ne. Na iya, ban yi ba, kuma ba na so a yi. Da hannu nake cirewa. Nakan je a yi jana'iza da ni, in zauna da iyalin, in dawo in kira sauran ɗaya bayan ɗaya in gaya musu da bakina, don kada wani ya buɗe waya ya ga gurbi kawai. Sannan in buɗe jerin in goge sunan harafi-harafi. Sau goma sha bakwai na yi wannan. Wanda ya karɓa zai yi shi sau goma sha huɗu, kuma zai san su kafin nan, zai sha shayinsu, za su tsokane shi, za su sa masa suna. Wanda ya ga ba zai iya ba ya sauke hannunsa, wallahi ba abin kunya ba ne, ni ma da na san haka ne tun farko ban san ko zan fara ba.

Shugaba, saura nawa?

Ɗaya. Ɗaya ya isa, ɗaya nake nema. Mace ce? A ina take? To, jikata, ban ga fuskarki ba, amma na ji ana tafa miki daga hagu. Ki same ni bayan an tashi. Sunana shi ne na huɗu a jerin. In ranar ta zo, ki fara kiran Agogo kafin kowa, ki kira shi kafin ƙarfe shida, kada ya danna ya zauna yana jiran nawa.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki abin da ya fi abin da kika ɗauka. Allah ya sa wa takardun da za a karɓa yau albarka, ya buɗe wa waɗannan yara ƙofofin arziki na halal, ya ba su idon ganin damuwar mutane da haƙurin sauraronta. Allah ya saka wa malamai da iyaye da mafificin alheri, ya ɗaukaka wannan cibiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka koya mana aiki suka riga mu tafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa kada ɗayanku ya tsufa a bayan ƙofar da ba mai ƙwanƙwasawa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya tashe mu gobe lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.